Samari Makaɗa a Ƙasar Irlanda

Daga Dumega zuwa Irlanda tafiya ce mai nisa. Sai mutum ya bi ta Doso ya isa Yamai a mota, sannan ya hau jirgin sama, ya ƙetare hamada da teku. Irlanda tsibiri ne a yammacin Ingila. Nijar ta ninka shi girma kusan sau 15. Ruwan sama ba ya yankewa a can, shi ya sa ciyawa take kore shar rani da damina.

Kowace shekara a watan Agusta, samari da ƴan mata makaɗa suna zuwa can daga Amurka da Ingila da wasu ƙasashe, don wani babban bikin kiɗan gargajiya mai suna Fleadh Cheoil. An fara shi a 1951 a garin Mullingar, kuma ba a gari ɗaya ake yin sa kullum ba. Ana gasa rukuni-rukuni bisa shekaru, har da yaran da ba su kai shekara 12 ba.

Yaron Arewa ba zai yi baƙunta da kayan kiɗansu ba. Suna da wata ganga mai fuska ɗaya kamar bandiri, an rufe ta da fatar akuya, ana kaɗa ta da guntun itace. Suna da goge, sai dai nasu tsirkiya 4 gare shi, na Hausa kuwa ɗaya. Akwai sarewar ƙarfe mai huji 6. Abin mamaki shi ne wata algaita da ba a busa ta da baki. Makaɗin yana zaune, ya maƙale zugazugi a hammata kamar na maƙeri, yana matsawa da gwiwar hannu, iska na shiga salka, salka na ba algaita. In an tashi rawa, hannuwa a miƙe suke a jikin cinya, ƙafafu kaɗai ke aiki.

Bayan wasa, ana kai baƙi yawon buɗe ido. A bakin tekun yamma akwai duwatsun Moher, tsayinsu ya kai mita 214. A Dublin, babban birnin ƙasar, ana shiga jami'ar Trinity a ga Littafin Kells, wanda aka rubuta da hannu a kan fatar maraƙi wajen shekara ta 800.

A kan hanya kuma baƙo zai lura allunan titi da harshe biyu aka rubuta su: Ingilishi da Gelik, wato harshen kakannin mutanen ƙasar. Wannan yana da dalili. Ingila ta daɗe tana mulkin Irlanda. Makarantun da aka kafa a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. A wasu wurare ana rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk sa'ad da ya yi Gelik a tsaga shi, daga baya a hore shi. Tsofaffin ƴan lakwal na Nijar sun san irin wannan, don su ma an rataya musu sambol in suka yi Hausa a aji.

Sai kuma yunwa ta zo. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakawa, kamar yadda hatsi yake a Arewa. Kafin 1852 mutum kamar miliyan ɗaya sun mutu, wasu miliyan ɗaya sun bar ƙasar. Da yawa daga cikinsu masu jin Gelik ne. Iyayen da suka rage suka ga ɗansu zai fi samun abinci da Ingilishi, suka daina yi masa magana da harshen gida. Kiɗa dai ya tsira, don ya bi masu ƙaura har Amurka. Jikokinsu na cikin waɗanda ke dawowa biki a yau.

Kudancin tsibirin ya sami mulkin kai a 1922, aka sa Gelik a kowace makaranta. Daga baya iyaye suka buɗe makarantu inda lissafi da tarihi duk da Gelik ake koyar da su. Amma maido harshe ya fi riƙe shi wuya nesa ba kusa ba. Cikin mutum fiye da miliyan 5, masu yin Gelik kullum a wajen makaranta ba su kai dubu 100 ba.

A Nijar, makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram a 1973. Yaran da suka shiga ajin nan da Hausarsu suka zo daga gida.