Gyaran Agogo: Sana'ar Da Ke Neman Magada A Karkarar Arewacin Kano

A kasuwannin mako na arewacin Kano, irin ta Ɗambatta da ke ci ranar Lahadi, mai gyaran agogo ba ya cin wuri. Ɗan tebur ne mai akwatin gilashi, da agoguna a jere, da gwangwanayen da ya tara ƙananan kusoshi da injinan da suka mutu. Yawancin mutane batir suke zuwa canzawa, ko a rage musu sarƙa. Amma idan aka kawo tsohon Seiko 5 da wani Alhaji ya bar wa 'ya'yansa, nan ake gane cewa masu teburin iri biyu ne: akwai mai sa batir, akwai kuma mai gyara. Na biyun su ne ke ƙaranci, yawancinsu furfura ta fito musu, kuma ba kasafai ake ganin yaro zaune kusa da su yana koyo ba.

Wannan ya sa muka kawo maganar a shafin ɗalibai na wannan mako. A Bichi, Makoɗa, Tsanyawa, Minjibir da Bagwai, gona kusa da gona take, gari kusa da gari. Kowane rabon gado yana ƙara tsuke abin da ɗa zai noma. Damina wata huɗu ce ko ƙasa da haka, kuma ba kowa ke da fili a bakin madatsar Tomas ko ta Watari da zai yi noman rani ba. Da an kai gero da gyaɗa gida, matasa da dama sai ci-rani. Sana'ar da za a yi a zaune, da jari kaɗan, ba tare da an bar gona ko makaranta ba, ta cancanci a dube ta da kyau.

Me ke cikin agogo?

Agogon hannu kashi biyu ne. Na farko shi ne mai wani, wanda ba ya amfani da batir. A cikinsa akwai sifirin da aka nannaɗe. Idan aka yi masa wani, ko motsin hannu ya yi masa kamar yadda Seiko 5 ke yi, ƙarfin da ya tara yana bi ta jerin ƙafafu masu haƙora har ya kai ga wata 'yar ƙafa mai kai da komo, wadda siririn sifirin kamar gashi ke riƙe da ita. Ita ce ke ƙidaya lokaci. A irin wannan agogon takan buga sau 21,600 a awa ɗaya, wato sau 6 a daƙiƙa, sau 518,400 a kwana guda. Domin kada ƙarafan su ci juna, ana kafa su a kan ƙananan jajayen duwatsu na yakutu da aka haɗa a masana'anta. Lambar 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskar wasu agoguna yawan duwatsun take nufi.

Na biyu shi ne mai batir, wanda ake rubuta Quartz a fuskarsa. A cikinsa akwai ɗan tsinken dutse da ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa idan wutar batir ta shige shi. Ɗaliban lissafi su gwada: a raba 32,768 gida biyu, a sake raba abin da aka samu, a yi haka sau 15, za a tsaya a kan 1. Aikin da 'yar na'urar cikin agogon ke yi ke nan, sai ta tura wuta sau ɗaya a kowace daƙiƙa zuwa ga ɗan injin da ke motsa hannun agogo. Wanda ya riƙe darasin maganaɗiso da na wutar lantarki a aji ya riga ya san rabin abin da ke ƙarƙashin murfin.

Yadda sana'ar ta kusa mutuwa a garin masu ita

Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na Quartz na farko da aka sa a kasuwa. Cikin 'yan shekaru irinsa ya yi araha, ya kuma fi mai wani kiyaye lokaci. Ƙasar Suwizalan, wadda ta riƙe kambin agogo a duniya, ta ji jiki: ma'aikatan masana'antar sun faɗo daga kusan 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Samari suka daina shiga koyon aikin.

Daga baya agogo mai wani ya dawo a matsayin kayan alfarma, sai aka waiga aka ga masu gyara sun tsufa. Yau a Suwizalan matashi kan yi shekara 4 yana koyo tsakanin makaranta da masana'anta kafin ya karɓi takardar shaida. Cibiyar WOSTEP da aka kafa a birnin Nushatel a 1966 ta tsara kwas na awa 3,000 da makarantu a wasu ƙasashe suka ɗauka. Kamfanin Rolex ya buɗe makaranta a garin Lititz na Amurka a 2001 saboda ƙarancin masu gyara. A Ingila kuma cibiyar British Horological Institute, wadda aka kafa tun 1858, tana da darussan da mutum zai bi daga gida. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, waɗannan ƙasashe sun gano cewa sake gina ilimin hannu bayan masu shi sun tafi ya fi riƙe shi tsada.

Yadda ake koyo a nan

A wajenmu makarantar ita ce gaban maigida. Uba ko yaya ya kai yaro, a yi magana, a sa albarka. Watannin farko na kallo ne da aike da share tebur. Sannan a ba shi mataccen agogo ya kwance ya mayar, ya sake kwancewa, har hannunsa ya daina rawa da matsefata, idonsa ya saba da gilashin ƙara girma.

Daga nan sai batir, wanda shi ma ilimi ne. Ƙaramin batir mai lamba SR626SW yana ba da bolt 1.55, shi kuwa CR2016 da ke cikin Casio F-91W bolt 3 yake bayarwa. Akwai mai araha da ya yi girma ɗaya da na farkon, amma ya fi saurin ƙarewa da yin yoyo, ya cinye injin. Ba a kama batir sama da ƙasa da matsefatar ƙarfe, domin wutarsa za ta zube. Idan hannun daƙiƙa yana tsallake biyu-biyu, a agoguna da yawa alama ce batir ya kusa mutuwa, ba lalacewa ba ce. Tsofaffin batura kuma a ɓoye su daga ƙananan yara, domin haɗiye su yana ƙona maƙogwaro, yana iya kisa.

Maƙiyan agogo a yankinmu sanannu ne. Ƙurar hunturu tana shiga ta gefen abin wani ta haɗu da mai ta zama kamar yashi. Ruwan alwala da gumin gona suna shiga idan robar murfi ta bushe. Agogo mai wani da aka ajiye a kan rediyo ko lasifika yakan kama maganaɗiso ya riƙa gudu. Gyaran gaskiya shi ne a kwance injin gaba ɗaya, a wanke kowane ƙarfe, a mayar, a ɗiga man agogo da bakin allura a inda ya dace kaɗai, sannan a daidaita gudunsa a bar shi ya kwana ana dubawa. Wanda ya tsoma inji a kananzir ko ya zuba masa man keken ɗinki zai ga ya tashi yau, bayan 'yan makonni mai shi ya dawo da faɗa.

Abu na ƙarshe da maigida ke koyarwa shi ne amana. Mai agogo ba ya ganin abin da aka cire ko aka sa. A gari irin namu da kowa ya san gidan kowa, wanda ya musanya injin asali da na bogi sau ɗaya ya rufe teburinsa da hannunsa.

Za ta ciyar da mutum?

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba: waya ta rage masu ɗaura agogo, kuma agogo mai araha idan ya mutu sayen sabo ya fi gyaransa sauƙi. Wanda ya tsaya a canjin batir kaɗai zai sha wuya. Aikin yana wurin da ba kowa ke iya taɓawa ba. Akwai tsofaffin Seiko, Orient, Citizen da Rado da ke kwance a akwatunan gidaje. Akwai agogunan Al-Fajr da Al-Harameen da alhazai ke dawowa da su, waɗanda sai an saita musu gari kafin su ba da lokacin salla daidai. Akwai allunan lokutan salla na lantarki a masallatai, da agogunan bango na makarantu da asibitoci, da waɗanda ake sawa a lefe. Haka kuma hannun da ya iya kama kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya iya aiki da mita da dalma, ba zai sha wahalar koyon gyaran waya ba. Mai haɗa biyun a tebur ɗaya ya fi samun ciniki.

'Yan mata ma su sa kansu a lissafi. Aikin ba ya son ƙarfi, natsuwa yake so da tsabta da haske, kuma ana iya yin sa a cikin gida.

Ina za a fara?

Ɗalibin da ke sha'awa ya fara da shawartar iyayensa, su nemi mai gyaran da aka shaida da kwance agogo mai wani, ba mai sa batir kawai ba. Ranar kasuwa da dogon hutu sun isa mafari, ba sai an bar aji ba. Ya tanadi littafi yana zana kowane inji kafin ya kwance shi, yana rubuta lambobin batura. Kayan farko kaɗan ne: ƙananan sukudireba, matsefata, gilashin ido, abin buɗe murfi da mita. Ana samun su a birnin Kano, ana kuma iya sayen su ɗaya bayan ɗaya.

Batun takarda ma kada a yi sakaci da shi. Hukumar NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da tsarin haɗa matasa da masu sana'a domin koyo. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana kula da tsarin da ke auna ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aji. A je ofisoshinsu a tambayi inda sana'ar mutum ta faɗa. Wanda kuma yake son zurfafa ilimin lantarki, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha tana nan Bichi.

Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, shawararmu mai sauƙi ce. A gayyato mai gyaran agogo na garin ya zo ƙungiyar kimiyya ta makaranta sau ɗaya a mako, a ba shi ɗan abin hasafi, a tara matattun agogunan gidaje yara su koya a kansu. Matattun agogunan bangon azuzuwa su zama aikin farko, tunda ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Idan yara biyu suka ɗore a kowace makaranta, maigidan ya samu magada, garin kuma ba sai ya riƙa aika agogo Kano ba.