Wayar Hannu: Inda Rahusa Take Ga Ƙaramin Ɗan Kasuwa

A watan Janairu na shekarar 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanonin wayar hannu su yi ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, abin da ba a yi ba tun shekarar 2013. Saƙon tes da ake aikawa a kan Naira 4 ya koma Naira 6, kuɗin kira da na data su ma suka tashi. Ga mai shago a Kantin Kwari, ko dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, wannan ƙari ya shiga cikin kuɗin gudanar da kasuwanci kamar yadda kuɗin mota da na haya suke.

Idan ba a manta ba, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na 2001, bayan kowannensu ya biya dalar Amurka miliyan 285 kuɗin lasisi, ana cajin Naira 50 ne a kan kowane minti, ko da mutum bai cika mintin ba. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sa'an nan sauran suka bi sahu. Tun daga lokacin, farashin daƙiƙa guda shi ne ma'aunin da ake gane tsada ko arahar kowane tsari.

A nan ne 'yan kasuwa da yawa suke yin asara ba tare da sun sani ba. Tsarin da yake ninka wa mutum kuɗin katin da ya sa, a matsayin garaɓasa, galibi shi ne mai tsadar daƙiƙa, kuma garaɓasar tana da wa'adin 'yan kwanaki. A misali, a ɗauka mai shago yana kiran minti 20 kullum, kwana 26 a wata, jimla minti 520. Idan tsarinsa na kwabo 25 ne a daƙiƙa, watau Naira 15 a minti, zai kashe Naira 7,800. Idan kuwa na kwabo 45 ne, lissafin zai kai Naira 14,040. Muddin bai cinye garaɓasar kafin ta ƙare ba, araha ta zama ba ta ado.

Akwai kuma tsarin da ake cire wani ɗan kuɗi a kiran farko na kowace rana, sa'an nan sauran kiran ranar su zo da sauƙi. Irin wannan ya dace da dillali mai yini a kan waya yana tambayar farashi tsakanin Dawanau da Bodija, amma ga tela ko mai gyaran babur da ba ya wuce kira biyu gajeru a rana, ɗan kuɗin nan shi ne zai cinye rahusar. Don haka abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara yi shi ne ya rubuta yawan kiransa da tsawonsu na mako guda, kafin ya zaɓi tsari.

Mai yara a shaguna daban-daban, ko mai direbobi a hanya, yana iya neman tsarin rukuni da ake kira CUG, inda ake biyan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane layi duk wata, 'yan rukunin kuma su riƙa kiran juna ba tare da wani caji ba.

Bayan kuɗin kira, akwai ƙananan kafofi da kuɗi ke zurarewa ta cikinsu. Waƙoƙin jiran kira da saƙonnin da ke sabunta kansu suna cin kati a ɓoye. Aika kalmar STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla, lambar 622 kuwa ta kai ƙara ce ga hukumar NCC, kuma kyauta ake kiranta. Har ila yau, tun 2023 lambobin duk kamfanonin sun zama iri ɗaya: *310# don duba ragowar kuɗi, *312# don sayen data. Mai aika kuɗi ta lambobin banki na USSD shi ma ya sa Naira 6 da kwabo 98 na kowane amfani a cikin lissafinsa.

Babban abin da ke hana ɗan kasuwa sauya kamfani shi ne tsoron rasa lambar da abokan ciniki suka sani. Amma tun watan Afrilu na 2013 doka ta ba da damar komawa wani kamfani da lambar da ake da ita. Sharaɗin shi ne layin ya kasance da rajistar mai shi, haɗe da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN. Layin kasuwanci da aka yi wa rajista da sunan yaron shago, ranar da yaron ya tafi, da abokan cinikin zai tafi.

Daga ƙarshe, kafin a koma kowane kamfani, ya kamata a gwada ƙarfin layinsa a cikin rumfar da ake zama da kuma garin da ake saro kaya, domin kiran da ya yanke ana tsakiyar ciniki ya fi kowane tsari tsada.