MASU ƘIDAYAR CIWO: ME SUKE NEMA A GIDAJENMU?



Sau da yawa idan muka fita zagayen ƙungiyoyi, mukan tarar da zance ɗaya. Waɗansu baƙi sun zo gari da takardu, mai unguwa yana gabansu, suna bi gida gida. Suna tambaya, "Ku nawa ne a gidan nan? Wa ya yi ciwo cikin watan nan? Ina kuke ɗiban ruwan sha?" Wani lokaci har su huda yatsan yaro su ɗauki ɗigon jini. Sa'an nan su tafi, ba su bar wa kowa ƙwaya ko allura ba. Mutane sukan ce, wane irin likita ne wannan, ga tambaya amma ba magani? Waɗansu kuwa sukan tuna da zamanin haraji da jangali, su ɓoye rabin iyalinsu.

Muna so mu bayyana muku abin da waɗannan mutane suke yi, gama aikinsu ya shafi gonarmu da 'ya'yanmu. Abu biyu suke nema su sani. Na fari, ciwon nan mutum nawa ya kama? Na biyu, me yake jawo shi?

Mutum nawa cikin nawa?

Idan aka ce mutum goma suna kwance a gari, ba mu san girman abin ba tukuna. Goma cikin mutum dubu ƙaramin abu ne. Goma cikin mutum hamsin kuwa annoba ce, watau ɗaya cikin kowane biyar. Shi ya sa masu bincike suke ƙirga masu lafiya tare da marasa lafiya. Wanda ya ɓoye 'ya'yansa ya ɓata lissafin duka.

Wani zai ce, ai akwai littafin asibiti, me zai hana a duba shi? Littafin asibiti yana nuna waɗanda suka kai asibiti ne kaɗai. Tsohuwar da ba ta da kuɗin mota ba ta ciki. Jaririn da ya rasu a gida da dare ba ya ciki. Ƙauyen da rafi yakan datse wa hanya da damina ba ya ciki. Saboda haka dole a bi ciwo har gida.

Ba kullum ne ake shiga kowane gida ba. Kun san yadda mai sayen masara yake yi da buhu: yakan ɗibo daga sama, da tsakiya, da ƙasa, ya duba. Ba ya yarda da abin da mai sayarwa ya miƙo masa daga bakin buhu. Haka masu bincike suke zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a, domin kada su tsaya ga gidajen bakin hanya kaɗai. In sun shiga gidan maƙwabcinka suka tsallake naka, ba raini ba ne.

Labarin kurkunu

Manya a cikinmu sun san kurkunu. Yaranmu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Yadda aka yi haka ta faru, ƙidaya ce mafarinsa.

Kurkunu tsutsa ce fara, doguwa, takan kai kusan mita ɗaya. Mutum yakan sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa, su kuwa ƙwarin suna ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Sai kamar shekara guda ta wuce kafin tsutsar ta fasa fata ta fito, yawanci a ƙafa. Wurin yana zafi kamar wuta. Mai ciwo ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta dubbai a ruwan, masu ɗiba su ɗiba. Tun da yake shekara guda ke tsakanin shan ruwa da fitowar ciwo, kakanninmu ba su haɗa su biyun ba. Waɗansu suka ce jijiya ce ta mutu, waɗansu suka ce sammu ne.

Kurkunu ba ya yawan kisa, don haka manyan asibitoci ba su cika ganinsa ba, hukuma kuma ba ta san yawansa ba. Cikin 1988 zuwa 1989 aka tashi ma'aikata suka bi ƙauyukan Nijeriya ɗaya ɗaya suna ƙirgawa, da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Suka sami mutum fiye da 650,000 da ciwon, cikin ƙauyuka kusan 6,000. Ba wata ƙasa a duniya da ta kai mu yawa a lokacin.

Ƙidayar ta nuna abubuwan da suka wuce yawa. Ta nuna ƙauyukan da ciwon yake, da sunayensu. Ta nuna ƙauyen da ke shan tafki shi ke shan wahala, mai kyakkyawar rijiya kuwa ya tsira. An kuma gane lokacinsa. A ƙasashen arewa, da damina yake fitowa, sa'ad da kududdufai suka cika. Wannan kuwa shi ne lokacin shuka da noma. Magidanci ya kwanta makonni yana naɗe tsutsa a tsinke, ciyawa tana cin gonarsa. Ciwon ƙafa ya zama yunwar rumbu.

Kurkunu ba shi da ƙwaya, ba shi da allurar rigakafi. Da me aka yaƙe shi? An raba ƙyallen tace ruwa. An haƙa rijiyoyi. An zuba magani a tafkuna don kashe ƙwarin. An hana mai ciwo shiga ruwa, maƙwabta suna ɗebo masa. Aka kuma naɗa mutum a kowane ƙauye, manomi kamarmu, yana rubuta duk wanda ciwon ya fito masa yana aika rahoto kowane wata. Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana bin ƙauyuka yana roƙon hukuma ta ba su ruwa. Mutum na ƙarshe da aka gani da kurkunu a Nijeriya, cikin Nuwamba 2008 ne, a Jihar Enugu. Cikin Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A 1986 an kimanta masu kurkunu a duniya sun kai miliyan uku da rabi. A 2023 mutum 14 aka samu.

Me yake jawo shi?

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Yadda ake amsa ta shi ne, a gwada gidajen da ciwo ya shiga da gidajen da bai shiga ba, a ga me ya bambanta su. Mu ma haka muke yi a gona. In gonaki biyu suna jere, ɗaya ta yi kyau ɗaya ta lalace, mukan tambaya: iri ɗaya ne? Ranar shuka ɗaya ce? Wa ya sa taki?

Ga misali mai ban tausayi. A farkon 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a waɗansu ƙauyukan Jihar Zamfara. Yaro ya fara amai, sai jijjiga, sai suma. Da fari an ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. Likitocin sa kai na ƙungiyar MSF suka kai kuka. Cikin Mayu na shekarar, ma'aikatan lafiya na Nijeriya da na Amurka suka bi gidajen ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, suna tambaya suna auna jini da ƙasar tsakar gida. Suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan.

Cikin tambayoyin akwai wannan: "Ana aikin dutsen zinariya a cikin gidan nan?" Gida biyu cikin uku suka ce i. Maza suna haƙo dutse, a kawo gida a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka yi ta kai ta baki. Gidajen da iyaye mata suke aikin dutsen sun fi rasa yara. Da aka gane haka, aka fitar da aikin daga cikin gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin fitar da dalma daga jini. Kafin a shawo kan abin, yara wajen 400 sun mutu a jihar. Ku lura, da masu gidajen nan sun ji tsoro sun ce ba sa aikin zinariya, da an daɗe ana lalube cikin duhu.

Amma a yi hankali. Ba duk abubuwa biyu da suka zo tare ne ɗaya ya haifi ɗaya ba. Sabuwar masara da zazzaɓi tare suke zuwa, har waɗansu suna hana yara cin masara. Masara ba ta da laifi. Ruwan da ya nunar da ita shi ne ya cika ramuka, sauro ya hayayyafa. Wannan ne dalilin da ya sa masu bincike suke yin tambayoyi da yawa, har mu gaji. Suna tankaɗe ne su raba tsaba da ƙaiƙayi.

Ciwon da ba ya nuna kansa

Me ya sa suke ɗaukar jinin wanda yake lafiya? Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda take Jihar Jigawa yanzu. Kowane mako goma sai a bi gidaje a ɗauki ɗigon jinin mutanen ƙauyukan a duba da madubin likita. Aka ga yawancin yara suna da ƙwayoyin zazzaɓi a jininsu da damina, har da masu wasa a waje kamar ba abin da ke damunsu. An yi feshi a ɗakuna, an raba ƙwayoyi damina biyu, ciwon ya ragu ƙwarai. Da aka daina, ya komo. Darasin da aka koya shi ne, sauro ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Hawan jini ma haka yake. Mutum yana iya yin shekaru da shi yana noma, bai sani ba, sai ran da ya faɗi rabin jikinsa ya shanye. In ba a auna masu lafiya ba, ba za a san yawansa ba.

Abin da ya rage gare mu

1. In masu bincike sun zo, ku tambaye su daga ina suke, me suke nema. Su nuna takardarsu ga dagaci. Kuna da iko ku sani, kuna kuma da iko ku ƙi. Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

2. In kun yarda, ku faɗi gaskiya. Kada ku rage don kunya, kada ku ƙara don sa ran kyauta. A bar mata su amsa abin da ya shafi yara da ruwa, gama su suka fi sani.

3. Ku roƙe su su komo su faɗa wa gari abin da suka samu. Jinin 'ya'yanku ne, labarin ma naku ne.

4. Kada mu jira baƙi. Kowace ƙungiya tana da magatakarda da littafin bashin taki. A sayi littafi na biyu. A fara da rubuta yawan mutanen kowane gida. A kowane taro a rubuta gidan da aka yi ciwo, shekarun mai ciwon, irin ciwon, watan da ya kama shi, inda gidan yake ɗiban ruwa, da kwana nawa aka rasa a gona. A sa wa kowane gida lamba maimakon suna, domin a rufa wa juna asiri.

Bayan shekara guda ku zauna da malamin asibitinku ku duba littafin. Wataƙila za ku ga gudawa ta fi yawa a unguwar da ke ɗiba a rijiyar da ba ta da murfi. In haka ne, kun san inda za a kira gayya. In kuma za ku je ƙaramar hukuma neman rijiya, wanda ya ce "muna shan wahala" daban yake da wanda ya buɗe littafi ya ce ga gidaje, ga watanni, ga kwanakin aikin da muka rasa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya duba. Sa'ad da muka zo zagaye na gaba, muna fatan mu tarar da littafin nan a kan tebur tare da na taki. Ku huta lafiya.