Ginin kotu daga Tsafe zuwa Bunguɗu

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato zai ratsa Tsafe, ya wuce dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, sannan Bunguɗu. Kowane gari da kotunsa, amma ba kasafai ake tsayawa a dube su ba, don mutanenmu ba sa zuwa kotu sai da sammaci.

Asalin kotun alƙali a ƙasar Hausa zaure ne na tubali da azara, galibi a ƙofar gidansa ko kusa da fada. Alƙali na kan buzu, muhuti a gefe, mai ƙara da wanda ake ƙara suna zaune a ƙasa gabansa. Da aka karɓe kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha, sai siminti da kwano suka samu wuri, tare da benci da teburin alƙali a kan dandamali da akwakun tsayuwar wanda ake tuhuma.

Gusau ce ta kwashi manyan gine-ginen, tun da ta zama babban birnin Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Nan Babbar Kotun Jiha take, da ta Tarayya, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A nan kuma Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kotunan yanki suka koma kotunan shari'a. Doka ta sauya, allon ƙofa ya sauya, fasalin ɗakin kuwa yana nan yadda aka gada.

A ganina ƙananan kotunan garuruwa irin Tsafe da Bunguɗu sun fi cancantar a tsaya. Can ake rabon gado, can ake shari'ar aure da iyakar gona, kuma rabin aikin a baranda da inuwar bishiya yake ƙarewa, inda dattawa ke sasanta mutane kafin a kira su. Mai zanen ginin da ya manta da inuwa bai san kotun karkara ba.

Wanda zai yi wannan zagaye ya bi hanyar da rana saboda 'yan bindiga, kuma kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai ya nemi izinin rajistara.