Iskar Gefe da Gaggawar Manya

Tun da 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a kan hanya a 2024, har ya rasu a hannunsu, tunanin masu hali a gabashin Sakkwato ya koma ɗaya: ƙasa ta gagara, sai dai a bi ta sama. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ana maganar kamar sama ba ta da nata ramukan. Tana da su, kuma mafi muni yana jiran ƙaramin jirgi ne a lokacin sauka. Iska kuwa ba ita ce uwar laifi ba, gaggawar mutum ce.

Manomin Isa ko Sabon Birni ba ya neman a koya masa halin iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas, ga hazo mai rufe ido. In bazara ta kama, hadari ya haɗo daga gabas, iska mai ƙura ce ke riga ruwa isowa, tana yaye rufin kwano. Shi jirgi so yake ya sauka yana fuskantar iska. In ta buge shi ta gefe, sai ta ture shi daga tsakiyar titi. Dole matuƙi ya karkata hancin jirgin ko ya sunkuyar da fiffike ɗaya, kuskure kaɗan sai taya ta karye ko fiffike ya caki ƙasa. Jirgi irin Cessna 172 an gwada saukarsa ne da iskar gefe ta kusan kilomita 28 a awa, alhali iskar gaban hadari kan ninka haka.

Duk wanda ya fito daga kwalejin matuƙa ta Zariya ya san maganin: in sauka ba ta daidaita ba, ka ba shi wuta ka sake tashi, ko ka juya inda ka fito. To me ke hanawa? A kujerar baya akwai mai girma. An tara jama'a tun hantsi, makaɗa sun gaji, sarakuna na zaune a rana. Matuƙi ɗan aiki ne, kuma "ranka ya daɗe, yau ba za mu sauka ba" magana ce mai nauyi a baki, musamman ga wanda aka yi wa tarbiyyar jin kunyar manya. Sai ya gwada sa'a.

Sakkwatawa sun san ƙarshen gwada sa'a. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja cikin hadari, iska ta make shi, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Babban jirgi ne, kuma wajen tashi ne, amma masu bincike sun ɗora laifi kan shawarar shiga mummunan yanayi da aka riga aka sani. A Kabba kuma, ranar 2 ga Fabrairu, 2019, ƙura ta rufe wa matuƙa ido, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife, Allah ya kiyaye rayuka. Fili mai rairayi da ke tayar da irin wannan ƙura, na ƙwallo ko na makaranta, shi ke jiran duk jirgin da ya nufo Gobir.

Wasu za su ce matsalar tsofaffin jirage ce da rashin na'urorin auna iska. Da ƙamshin gaskiya, a gyara. Sai dai na'ura faɗa kawai take yi, ba ta iya hana mai gaggawa. Masu cewa ƙaddara ce kuma, tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Abu biyu nake roƙo. Kalmar matuƙi ta zama ta ƙarshe, ko wa ya ɗauko, ba tare da ya ji tsoron rasa abincinsa ba. Sannan gwamnati ta kwato hanyoyin Goronyo, Sabon Birni, Isa da Shinkafi. Muddin manya na da mafita ta sama, gyaran ƙasa zai yi ta jiran gobe, kuma mai kai albasa kasuwa ba shi da fiffike.