Gargaɗi ga Iyayen da Suka Mayar da Karatun Yara Gida

Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, da na Jangebe a Fabrairun 2021, da na Kuriga a Maris na 2024, iyaye da dama sun janye 'ya'yansu daga makaranta. Wasu kuma tsadar kuɗin makaranta ce ta kore su. Suka ce yara za su yi karatu a gida. Ba wanda zai ga laifin mai tsoro. Amma duk wanda ya yanke wannan shawara ya sani: nauyin da ke kan malamai ya dawo wuyansa.

Gida ba shi da ƙararrawa. Yau aike, gobe baƙi, jibi biki. Mako ya wuce ba a buɗe littafi ba. Zango ya wuce. Yaron da ke haɗa baƙi ya fara mantawa. Yarinya ta koma raino da wanke-wanke, daga nan sai talla, daga nan sai zancen aure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A kula da malamin da ake ɗaukowa. Wa ya san shi? Ina ya koyar a baya? Kada a bar baƙo da yaro a ɗaki a rufe. A yi darasi a fili, inda ido ke gani. Ɓarnar da aka yi wa yaro a ɓoye tana bin sa har girma.

Waya ma ba malama ba ce. Yaron da aka miƙa wa intanet ba mai lura, abin da zai koyo ba shi aka nufa ba.

Sai maganar takarda. Jami'a na neman kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a fannoni da dama. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma sai an bi manhaja an yi rajista a kan lokaci. JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN. Wanda ya farga a makare, ɗansa ya yi asarar shekara.

Doka ma tana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga iyayen da suka yi sakaci.

Iyaye, ku tsara jadawali yau. Ku nemo manhaja. Ku gwada yaro duk wata. In kun ga abin ya fi ƙarfinku, ku nema masa makaranta ta kusa mai tsaro tun kafin zango ya fita. Amana ce, kuma za a tambaye ku.