Awon Dafin Maciji A Cikin Jini

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, manoma da makiyaya sukan ci karo da kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Cikin dafinta akwai waɗansu sinadarai masu yanka furotin, watau abin da tsoka da jini suka ginu da shi. Su ne ke cinye bangon ƙananan jijiyoyi, su kuma ƙarar da abin da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa wanda ta sara yakan yi ta zubar da jini ta dasashi da fitsari.

To, yaya likita zai san macijin da ya yi saran, da yawan dafin da ya shiga jiki? A 1971 Engvall da Perlmann na ƙasar Suwidin suka fito da wata hanyar awo mai suna ELISA. A 1977 Theakston da abokan aikinsa na Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful suka juya ta ga dafin maciji. Akan tsira wa zomo dafi kaɗan-kaɗan har jininsa ya yi garkuwa. Sai a shimfiɗa garkuwar a ƙananan ramukan faranti na roba, a ɗiga ruwan jinin majinyaci. In akwai dafi, sai garkuwar ta cafke shi. Daga nan a ƙara garkuwa ta biyu mai ɗauke da sinadarin da ke kawo launi. Gwargwadon duhun launi, gwargwadon yawan dafi.

Ƙasar Katsina tana da hannu a tarihin wannan awo. Da shi Pugh da Theakston suka binciki jinin mutanen yankin Malumfashi don neman alamar tsohon saran kumurci mai tofi, aka buga sakamakon a 1980.

Amma fa awon yakan ci sa'o'i, ga bukatar kayan aiki, saboda haka ya fi amfani wajen bincike. Asibitin karkara kuwa yana da gwaji mai sauƙi, wanda Dokta David Warrell ya yi aiki da shi sa'ad da yake Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A zuba jini kaɗan a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, lalle a ba da allurar karya dafi.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ya kamata ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su ɗora daga inda aka tsaya a Malumfashi. Jama'a kuwa su bar tsaga da ɗaure gaɓa tamau, su garzaya da majinyaci asibiti tun jini bai tsinke ba.